Sunan Da Ke Ƙasan Rasit

"Ke mai kanti! Amshi wagga takarda ki duba muna, ko mun mance da wani abu."

Ruƙayyatu ta ɗago da murmushin nan na dole, wanda manaja ya ce ko gidanku ke cin wuta kar ya bar fuskarki muddin kina kan kanta. Ta sa hannu biyu ta karɓi takardar daga hannun dattijuwar.

Nan take murmushin ya daskare.

Rubutun Muzzammil ne!

Ko cikin barci aka tashe ta ba za ta kasa gane wannan karkataccen rubutun ba. Kuma ba rubutun kaɗai ba, abin da ke ciki ma daga bakinta ya fito. Mako biyu da suka wuce ya kira ta a waya yana lallaɓa ta, wai ta daure ta faɗa masa irin kayan shafar da take so a sa mata a lefe. Man kwakwa guda shida. Sabulu marar ƙamshi, don mai ƙamshi yana sa ta ƙaiƙayi. Tawul ruwan toka. Ga su nan a jere a kan takarda, ga su kuma jibge cikin keken tura kaya a gabanta.

To ashe wannan ce Goggo Safiya, ƙanwar mahaifinsa da ta rene shi a Gwandu tun yana maraya! Matar da duk lokacin da Ruƙayyatu ta ce a kai ta ta gaishe ta, sai Muzzammil ya ƙirƙiro wani uzuri.

Kusa da Goggo kuwa wata doguwar budurwa ce ta sha gilashi tana taunar cingam. Ita kam Ruƙayyatu ta san ta sarai. Hafiza ce, ɗiyar ƙawar Goggo, wadda aka so haɗa su da Muzzammil ya ce a kai kasuwa. A jami'ar nan ta Kalgo take karatu, kuma kusan kullum sai ta shigo kantin nan sayen yogot ta bi Ruƙayyatu da harara. Kanta huɗu ne a kantin, uku babu layi, amma nan ta jawo tsohuwa.

Ruwa dai ba ya tsami banza.

"Komai ya cika, Inna," Ruƙayyatu ta faɗa da ƙyar, ta fara ɗaukar kayan tana nuna wa na'ura.

Tiit...

"Madalla. Lehe munka zo haɗa ma ɗana. Atamfa da leshi an sawo Birnin Kebbi, kayan shahe-shahe sunka rage."

"Allah ya sanya alheri."

"Haba Goggo," Hafiza ta karya wuya, "ki ba ta labarin amaryar mana, ta taya mu murna da kyau."

Goggo ta gyara tsayuwa, ta dafa kanta da alfahari.

"Ruƙayyatu sunanta. Ban gan ta ba tukun, amma 'yar boko ce ta gaske. Sakatariya ce ohishin jami'a! Kujera tata mai juyawa, ɗaki mai sanyi, sai dai ta danna ƙararrawa a kawo mata shayi."

Tiit...

Sakatariya? Wace sakatariyar? Ruƙayyatu ta ji kunnenta ya yi dum.

"Ba irin wagga tsayuwa taku ba," Goggo ta ci gaba. "Ɗiya mace ta wuni tsaye tana washe haƙora ga kowane ƙato, hannu na gogar hannu wurin ba da canji. Ke ɗiyata, ba zagi ba, uwayenki na raye sunka bar ki nan?"

"Suna raye, Inna."

"To Allah shi kyauta! Ni dai da ɗana shi kawo min irinku, gara shi tsufa tuzuru."

Jama'a, ku ji fa! Yarinyar da a gidansu can Wurogauri ake kira Barkono, wadda ba a gama faɗa mata ɗaya ba ta mayar da uku, ita ce ake yi wa wannan wankin babban bargo a gaban mutane. Gift, abokiyar aikinta 'yar Zuru da ke kanta ta kusa, ta saki baki tana jiran ta ga inda kwalbar man kwakwa za ta sauka. Hafiza ma abin da take jira ke nan, har ta daina taunar cingam.

Amma Ruƙayyatu ta cije leɓe har sai da ta ji gishirin jini. Ta jawo 'yar kujerar da take ɗan hutawa a kai in babu layi, ta tura ta bayan tsohuwar.

"Zauna Inna, na ga ƙafar na damunki."

Ta ware kwalba biyu gefe.

"Waɗannan saura wata guda su lalace, bari a canza miki."

Sannan ta ɗago wani farin kwali daga ƙasan keken.

"Wannan kuma ba ya cikin takarda."

"Ni na ƙara," Hafiza ta yi caraf. "An ce amaryar baƙa ce ƙirin, ta ɗan wanke kafin biki."

"Man bilicin ne Inna. Yana ƙona fata." Ruƙayyatu ta dubi tsakiyar idon Hafiza. "Wasu ma har zuciya yake ƙona musu."

"Subhanallahi! Hidda shi!" in ji Goggo.

Da aka biya, na'ura ta tofo doguwar takardar rasit. Ruƙayyatu ta yage ta miƙa da hannu biyu, ta faɗi abin da take faɗa wa kowa sau ɗari a rana.

"A adana rasit. In akwai abin da bai yi ba, ana iya dawo da shi cikin kwana bakwai. Mun gode, sai mun sake ganinku."

Goggo ba ta karatun boko. Ta dai ninke takardar ta ƙulle a haɓar zane, ba ta san can ƙasa na'ura ta buga sunan wadda ta karɓi kuɗin ba, kamar yadda take bugawa a kowane rasit.

Hafiza ta sani. Ta waiwayo daga bakin ƙofa tana murmushi.

"Ai kuwa za ki sake ganinmu!"

Ƙarfe biyar na yamma ta tashi daga aiki. Yana nan inda ya saba tsayawa, ƙarƙashin bishiyar dogon yaron da ke gaban kantin, ya jingina da babur ɗinsa, jakar kayan haɗa sola a rataye. Yana hango ta ya washe baki.

"Sarauniyar Kalgo! Hasken idona, yau kin..."

"Sakatariya dai."

Dariyar ta maƙale masa a wuya.

"Na'am?"

"Na ce sakatariya! Mai kujera mai juyawa! Ina ƙararrawata, Muzzammil? Ina shayina?"

"Innalillahi... Ruƙayya, wa ya..."

"Goggonka! Da bakinta, a kan kantata! Yau ni na ɗaure lefena a leda da hannuna, ana tambayata ko iyayena na raye!"

Ya dafe kai da hannu biyu.

"Wallahi Birnin Kebbi na ce su je. Hafiza ce... na rantse Hafiza ce ta..."

"Kar ka kawo min Hafiza! Hafiza ce ta ƙirƙiro min ofis? Ita maƙiyiyata ce, ta yi aikinta. Kai fa?"

"Abar ƙaunata, ki saurare ni. Goggo ta sha wahalar zaman tasha, kullum cewa take matata ba za ta tsaya gaban maza tana ciniki ba. Na ce in an ɗaura sai in lallaɓa ta a hankali..."

"In an ɗaura! Sai in shiga gidanku da ƙarya a goshi, ko? Sai in riƙa ɓoye rigar aikina a jaka kamar kayan sata?"

"Ba haka ba ne, zuciyata..."

"Haka ne! A ina ka gan ni? Ba a kan kantar nan ba? Wata uku kana bin layina da robar ruwa guda ɗaya, layin Gift babu kowa amma ba ka zuwa. A lokacin tsayuwata ba ta ba ka kunya ba. Murmushin da ake zagina a kai yau, ba shi ya kamo ka ba?"

Masu acaɓa da ke bakin titi har sun fara miƙo wuya.

"Shekara uku ina tsaye awa tara a rana," ta ci gaba. "Ƙafata kumbura take, bayana kamar ya tsinke. An jefa min kuɗi a fuska, an kira ni ɓarauniya don na'ura ta tsaya, na shanye. Da tsayuwar nan na saya wa Baba injin ban ruwa, bai taɓa sunkuyar da kai don ni ba. Sai kai? Kai da na ɗauka za ka fi kowa alfahari da ni?"

"Ina alfahari da ke wallahi..."

"A ƙarƙashin bishiya! A waya! Inda babu mai ji!"

Ta tare mai acaɓa, ta ɗora ƙafa.

"Ranar da za ka iya faɗin aikina da ƙarfi a gaban Goggo da gaban jama'a, ka neme ni. In ba za ka iya ba, je ka auri sakatariyarka. Allah ya ba ku zaman lafiya!"

"Ruƙayya! Ruƙayya, don Allah..."

Ko waiwaye ba ta yi ba. Sai da suka sha kwana ta bar hawayen suka zubo.

Kwana shida ta yi ba ta ɗaga wayarsa ba. Ta dai zo aiki, ta yi murmushin dole, ta ce mun gode sai mun sake ganinku, amma kayan mutane sun ji a jikinsu, don yadda take dangwarar da gwangwanin madara sai ka ce shi ya yi mata ƙarya.

"Ke Ruƙayya, za ki fasa musu ƙwai fa," Gift ta ce mata ranar Alhamis. "Ki saurari saƙon bawan Allahn nan mana. Ya kusa cika miki waya."

"Ba na so."

"Ƙarya kike, tun safe kin duba wayar nan sau goma."

Ta harare ta, amma da lokacin salla ya yi ta shiga ɗakin ma'aikata ta danna na ƙarshe. Muryarsa ta dishe kamar mai mura.

"Ruƙayya... ta faru. Mata sun taru ganin kaya, Hafiza ta ce Goggo ta kawo rasit a duba, ta karanta sunanki da ƙarfi a gaban kowa. Kwana biyu ke nan Goggo ba ta ci abincin kirki ba, ko gaisuwata ba ta amsawa. Yau ta ce a kwashe kayan kantinku daga akwati, ranar Asabar za ta mayar da su da hannunta... Ni na jawo. Ki yafe min, ko da ba za ki aure ni ba."

Asabar. Kwana na bakwai cif.

Ta zauna a kan kwalin taliya ta yi kuka mai isarta, don ƙarya ne ta ce ba ta son shi. Tana son shi kamar ranta, abin da ya fi ƙona mata rai ke nan. Da ta gama ta wanke fuska ta koma kan kanta.

"Ki ɗauki hutu ranar Asabar," in ji Gift. "Ni zan karɓi kayan."

"Allah ya kiyaye! Ni na sayar, ni zan karɓa. Ba a kan kantata za a ga bayana ba."

Ranar Asabar da hantsi kantin ya cika maƙil, ga 'yan jami'a, ga ma'aikata da suka samu albashi. Layin Ruƙayyatu ya kai har wurin firjin lemo. Tana cikin ɗaure wa wata mata leda ta hango su.

Goggo a gaba tana ɗingishi, fuskar nan ba annuri. Muzzammil a baya yana tura keke cike da kayan, ya rame ya yi zuru-zuru. Hafiza kuwa ta caɓa ado kamar mai zuwa ɗaurin aurenta.

Ba su tsallake kowa ba. Goggo ta bi layi har ya zo kanta.

"Sannu da zuwa, Inna. Me za a yi muku?"

Goggo ta kwance haɓar zane, ta shimfiɗa rasit ɗin a kan kanta, ta dangwala yatsa a ƙasansa.

"Karanta min nan. Da bakinki nike son ji."

"Mai karɓar kuɗi, Ruƙayyatu Bawa Wurogauri."

"Ranan nan kin san ko ni wa ce?"

"Tun daga rubutun takardar na gane."

"Kin sani, kinka yi shiru ina taɓa uwayenki?"

"Ina bakin aiki ne. Kuma ke uwa ce." Ta gyara tsayuwa. "Amma tunda yau kin tambaya, zan faɗa. Ni ba sakatariya ba ce, ban taɓa cewa ni ce ba. Mai kanti ce ni. Halal nake ci, ba na jin kunyar aikina, kuma ba zan bar shi don a so ni ba. In kayan kika dawo da su, kawo in karɓa, akwai mutane a bayanki."

Hafiza ta yi tafi ɗaya.

"Kin ji ko Goggo? Na faɗa miki ba ta da kun..."

"Rufe min baki!"

Tsawar ta sa har mai gadi ya leƙo.

"Ke kin san ko wa ce, kinka ja ni kamar akuya har gabanta, kinka zuga ni ina zubar da girmana kina dariya a ciki! Uwarki ƙawata ce shekara talatin, shi ya sa ban mare ki ba. Hita ki jira mu waje! Kuma ki nemi motar da za ta kai ki, ba dai tamu ba!"

Hafiza ta fita sumui-sumui, takalmin nan mai tsini yana neman kayar da ita. Tsuntsun da ya ja ruwa ai shi ruwa kan doka.

Goggo ta juyo kan Muzzammil.

"Kai kuma, munahuki! Shekara goma sha tara ina suyar kihi bakin tashar Gwandu. Tsaye! Hayaƙi ya cinye min ido, direbobi na min maganar banza, matan unguwa na cewa ba ni da kamun kai. Da wanga hannu mai ƙarnin kihi na biya maka makaranta. In kana kunyar tsayuwarta, to ni ka hwara jin kunya!"

"Goggo ki gafarce ni..."

"Ba ni za ka roƙa ba!"

Ta waiwayo ga Ruƙayyatu, idonta ya kawo ruwa.

"Ɗiyata, maganar da na yaɓa miki, ita anka yi ta yaɓa min ina yarinya. Na rantse surukata ba za ta sha abin da na sha ba, har na mance cewa ba tsayuwar ke ciwo ba, bakin mutane ne. Sai ga ni na zama bakin. Kwana huɗu ban yi barci ba. Na zage ki, kin ba ni kujerarki... Ki yahe min."

Duk taurin zuciyar Barkono, nan ya narke.

"Haba Inna... wallahi ba komai. Ki daina."

"Goggo za ki ce."

"Goggo..."

Muzzammil ya matso.

"Ruƙayya, ni ma..."

"Ba na ji," ta faɗa ba tare da ta dube shi ba. "Na ce da ƙarfi."

Gift, wadda ba ta raina abin magana, ta zaro makirfon da ake cigiyar mai mota in ya tare hanya, ta danƙa masa a hannu.

Ya dubi makirfon, ya dubi jama'a, gumi ya karyo masa. Sannan ya rufe ido, muryarsa ta karaɗe kantin tun daga wurin shinkafa har wurin sabulu.

"Jama'a assalamu alaikum... Sunana Muzzammil, daga Gwandu. Matar da zan aura ita ce Ruƙayyatu, mai karɓar kuɗi a kanta ta biyu. Mai kanti ce! Na yi ƙarya na ɓoye aikinta don ni ragon namiji ne. Ta fi ni gaskiya, ta fi ni zuciya... Ina roƙonta ta yafe min!"

Wata mata a layi ta rangaɗa guɗa. 'Yan jami'a suka ɗau tafi da ihu. Manaja ya fito da gudu daga ofis, ya ga abin da ke faruwa, ya koma yana girgiza kai.

"To yanzu a amshi kayan ga," in ji Goggo tana share ido.

Ruƙayyatu ta dubi keken kayan.

"A karɓa kuma?"

"Awo mana! Ina kinka taɓa jin amarya ta ga lehenta kahin a kai, balle ta ɗaure shi da hannunta? Wanga ya tashi daga lehe. Sabo za mu zaɓa, wurin waccan mai baki za mu biya, ke kuma in mun zo wucewa ki kau da kai."

"To Goggo... sai dai dokar kanti ce, in an dawo da kaya ana karɓe rasit."

Goggo ta yi wuf ta damƙe takardar.

"A buga hotonta a ba manajanku. Wagga tawa ce, sunan surukata ke ciki."

Ta ninke ta, ta mayar haɓar zane, ta ƙulle tam.

Shekara uku Ruƙayyatu na kallon idon duk wanda ya tsaya a gabanta, babba da yaro, ba ta taɓa sunkuyar da kai ba. Yau kam sai ga Barkono ta ja hijabi ta rufe fuska.

"Amarya," wani dattijo ya yi gyaran murya daga layi, "in an gama kunyar, ga madarata nan tana jira."

Aka kwashe da dariya. Ta buɗe fuska ta jawo gwangwanin, a hankali wannan karon.

Tiit...

Muzzammil ya sunkuyo ta gefen kanta, ya yi ƙasa da murya.

"Hasken idona... kin yafe?"

"Ban huce ba fa."

"Na sani."

"Kuma ka tsallake mutane. In magana kake so da ni, ka san hanya."

Ya dubi layin, ya kai mutum ashirin, layin Gift kuwa mutum biyu ne kacal. Bai ce komai ba. Ya je firji ya ɗauko robar ruwa guda ɗaya, ya taka har can ƙarshe ya tsaya a bayan kowa.

Ruƙayyatu ta ɗago ta ce, "Na gaba!"

Murmushin da ke fuskarta kuwa, wannan ba na manaja ba ne.